Baba Tsaye da Makunnin Banɗaki

Surukina, mahaifin maigidana, mai gyaran wuta ne, kuma duk unguwa Baba Tsaye ake ce masa. Ba tsawo ne ya jawo masa sunan ba, don gajere ne, siriri, kamar ka hure shi ya faɗi. Zama ne ba ya yi. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake sauraron labarai, in an yi baƙo daga bakin ƙofa zai yi masa maraba, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Ranar da na fara zuwa gaishe su, Inna, matarsa, ta zaunar da ni kusa da ita, shi kuwa ya shigo ya amsa gaisuwata idonsa na kan fankar sama. Ya ce, "Fankar nan tana kuka." Ya fita neman tsani. Ban ƙara ganinsa ba har na tafi. Na koma gida raina a jagule, ina cewa mutumin nan bai yi na'am da ni ba.

Sai daga baya Inna ta ce mini, "Ke ai kin yi sa'a, 'yar nan. Ni ranar da na haifi mijinki, ya leƙo ya ce mini barka, ya ɗora da cewa soket ɗin ɗakin haihuwar ya yi baƙi, bari ya gaya wa masu asibitin."

Abin da na sani na rayuwarsa a guntu-guntu na tsince shi, don ba ya kai labari ƙarshe. Zai faro maka a tsakar gida, ya ƙarasa rabinsa a zaure, sauran kuma sai wata rana. Mahaifinsa mai awon hatsi ne, ya so ya zaunar da shi a gaban buhuna. Shi kuwa da ya ga masu kafa turakun lantarki sun iso layinsu, sai ya bar mudu a cikin buhu ya bi su. Da haƙa rami ya fara, har ya kai ga hawa sama. Daga nan ya shiga wata masaka, yana kula da injina, ya daɗe a can har aka rufe ta. Sai ya kama rumfa a layin masu sayar da kayan wuta. Rumfar dai sunanta tasa, amma ba a taɓa samunsa a ciki ba. Mai neman sa sai ya bar saƙo wurin maƙwabcin rumfa, shi kuwa yana can cikin silin ɗin wani gida, ko a bayan firjin wata mata. Gidajen da ya ja wa waya a garin nan shi kansa bai san iyakarsu ba.

'Ya'yansa maza kuwa ko ɗaya bai gaje shi ba. Duk ya gwada su. Yaro zai kama sukudireba, bai gama juyi biyu ba sai ya ji an fizge: "Kawo, kawo, ka cika sanyin jiki." A haka suka watse ɗaya bayan ɗaya. Maigidana ya zama direban babbar mota. Inna takan ce shi ma gadon ya yi, sai dai shi a zaune yake nasa yawon.

Daga baya rawar hannu ta kama shi, a hankali ta zo. Da farko cokali ne ke ƙara a jikin kofi in yana motsa shayi. Ya ce sanyi ne. Da zafi ya shigo ya ce shayin ne ya yi ƙarfi. Sai sukuru ya fara kuɓuce masa, ya faɗi ya gangara, ya durƙusa yana lalube a gaban masu gida. Da ƙyar maigidana ya kai shi asibiti. Likita ya ba shi magani, ya ce zai rage amma ba zai raba shi da ita ba, ya kuma ce tsani da waya mai wuta ya yi musu sallama. Baba ya ce to, yana tsaye a bakin ƙofar ofishin, hannun dama cikin aljihu. Tun daga ranar hannun nan ya koma zama a aljihu. Masu kiransa ma ba wanda ya ce masa kome, kiran ne kawai ya riƙa raguwa har ya ɗauke. Ya bar wa wani rumfar. Inna kuma ga ciwon gwiwa, ga kunne ya yi nauyi, sai an ɗaga murya sosai take ji. Muka lallaɓa su suka dawo gidanmu, ɗakin da ke kusa da banɗaki.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Kekena yana falo, gefen taga. Ban san wahalar zama da mutumin da ba shi da aiki ba kuma ba ya iya zama sai a lokacin. Daga safe zai fara: zaure, tsakar gida, kicin, bayan gida, ya dawo zaure, kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Silifas ɗinsa na jin su a cikin kaina, fat, fat, fat. Abin da ya fi ci mini rai, duk abin da ke da waya a gidan sai ya buɗe shi. Dutsen gugata lafiyarsa lau, na fita shanya na dawo na tarar da shi a kwance gida biyu. Buɗewa yana iyawa, mayarwa ce ta gagara, don ƙananan sukurorin ba sa tsaya masa. Sai ya zuba su a faranti ya rufe da wani farantin, ya fice kamar ba shi ba. Na riƙa ɓoye dutsen guga a ƙarƙashin gado, fedar kekena kuwa in zan fita sai in sa ta a jaka in tafi da ita.

Na kai ƙara wurin maigidana ta waya. Ya yi dariya ya ce, "Ki yi haƙuri. Ni rediyona uku ya kashe ina yaro, kuma lokacin hannunsa ƙalau."

Inna kuwa cewa ta yi, "Rabu da shi. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Iyakar karatun da ya haddace ke nan."

Wata safiya Inna ta shiga wanka ta sa sakata, santsi ya kwashe ta. Mun ji ƙarar bokiti, muka ji shiru. Muka yi ta bugu, ba ta jinmu, mu kuma muna jin nishinta. Baba ne ya ɗauko taɓarya ya karya ƙofar, da hannun nan nasa mai rawa. Allah ya taƙaita, ba karaya, sai targaɗe a ƙugu da ƙulu a goshi. A ranar ya cire sakatar ya jefa ta bayan katanga, ya ce muddin yana gidan ba za a ƙara kulle ƙofar nan ba.

To, an gudu ba a tsira ba. Banɗaki ɗaya ne a gidan, ba taga sai 'yar kafa can sama, ko da rana sai an kunna fitila. Makunnin yana waje, gefen ƙofa. Ga ni, ga yara, ga suruki, ga mata masu kawo ɗinki, ƙofa kuma ba sakata. Mai kunne sai a ƙwanƙwasa masa ya yi gyaran murya. Inna fa? In tana ciki ba ta jin bugu, in tana waje ba ta jin gyaran murya. Muka ce a riƙa rataya tawul a ƙofa, yara suka riƙa mantawa. Muka ce a bar takalmi a bakin ƙofa, takalma suka taru har ba a san na mai shiga da na mai fita ba. Ni dai na koma waƙa da ƙarfi in ina wanka, kamar mai tallar kaya. Sau da yawa kuma wani zai wuce ya ga makunni a kunne, ya zaci mantawa aka yi, ya kashe wa Inna fitila tana ciki, ita da ba ta gama warkewa daga faɗuwa ba. Makunnin ma ya tsufa, in an danna sai ya yi tsirt-tsirt kafin ya kama.

Ranar da wata mai kawo ɗinki ta tura ƙofa ta tarar da Inna, ta fito tana salati tana ba da haƙuri, Baba ya sa hularsa ya fita. Bai dawo ba sai bayan azahar, ƙafafunsa sun yi futu-futu, da 'yar leda a hannu. Ya zazzage ta a kan teburin yankana. Makunni ne fari, sabo, da wata 'yar fitila ja a goshinsa kamar ƙwayar wake.

Ya ce, "Kin ga wannan? In an kunna ta ciki, wannan ma ta kama. Mai ido ya gani daga zaure. Ba bugu, ba tawul, ba waƙa."

Na sunkuyar da kai don kunya, ashe yana jin waƙar tawa.

Ya je gaban Inna ya nuna mata, yana ɗaga murya yana haɗawa da hannu: ja, akwai mutum, ki jira. Ba ja, ki shiga. Ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ai ko jaki ya gane."

Na ce, "Baba, ko a kira wanda kuka bar wa rumfa ya sa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Makunni? Makunni guda za a kira mini mutum?"

Washegari na tafi kasuwa sayen zare da maɓallai. Na dawo na tarar an kashe wutar gidan gaba ɗaya, Baba a durƙushe a ƙofar banɗaki, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana bin ƙasa da guntun maganaɗisu yana neman sukuru. Aikin da a da zai gama kafin ruwan shayi ya tafasa, shi ne ya cinye masa yini. Na wuce kicin. Ina jin sa yana magana da wayar, yana lallashinta, yana zaginta. Dab da magariba ya mayar da wuta.

Jar fitilar ta kama, kyakkyawa da ita. Sai dai fitilar banɗakin a kashe take. Ya danna makunni, ta ciki ta kama, jar ta mutu. Ya kashe, jar ta dawo.

'Yata ƙarama ta kwashe da dariya ta ce, "Kaka ya sa ta a baibai!"

Ya ce, "Ba baibai ba ne, uwar surutu." Sannan ya juyo wajena, yana magana da sauri kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Ya ce wuta tafiya take yi, sai ta je ta dawo. Wayoyi biyu ne kacal a ramin bangon, mai kawo wuta da mai kai ta ga ƙwan fitila. 'Yar jar tana bukatar ta uku, wadda masu aikin ke kira nutural, hanyar komawarta ke nan, ita kuwa tana can sama a gindin fitilar silin, ba a taɓa sauko da ita ba. Shi ya sa ya ratsa 'yar fitilar tsakanin biyun da ke akwai, a haka kuwa sai an kashe take samun hanya.

Na ce, "To Baba, dama kun san haka za ta yi?"

Ya ce, "Tun a shago na sani." Ya dubi silin, ya dubi aljihunsa. "Ba kome. A juya karatun kawai. Ja, ba kowa. Ba ja, akwai mutum."

Mu masu kunne mun juya, ko da yake kullum sai mun tsaya mun yi lissafi a bakin ƙofa. Ya yi wa Inna sabon bayani da ihu, ta gyaɗa kai. Ga wata sabuwa kuma: ƙwan fitilar banɗakin, irin na zamani mara cin wuta, in an kashe shi sai ya riƙa ƙyaftawa jefi-jefi kamar mai harara, saboda 'yar wutar da ke silalewa ta cikin jar. Yara suka ce aljani ne, suka daina shiga su kaɗai. Baba ya ƙara yawan zagaye. Duk wucewa sai ya danna makunnin, ya kashe, ya tsaya, ya yi tsaki, ya wuce.

Ba a jima ba abin ya faru. Da hantsi ne, ina kan keke. Na taso ɗaukar almakashi sai na hango Inna a ƙofar banɗaki, ta jingina da bango, buta a hannu, idonta na kan jar fitilar. Ashe karatun farko ne ya zauna mata. Ban san tun yaushe take tsaye a wurin ba, da ƙugun nan nata, tana jiran wanda ba ya ciki ya fito. Na ruga na tura mata ƙofa, na nuna mata ba kowa. Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Na makara. Zanenta ya riga ya jiƙe.

Na kama ta muka shiga, na kawo mata ruwa da wani zane, na goge wurin kafin yara su gani. Ta lallaɓa ta shige ɗakinsu. Da na fito na ga Baba a tsakar gida, ya ga kome. Karo na farko ke nan da na gan shi tsaye cak, ko yatsan ƙafarsa ba ya motsi. Sai ya juya ya fita ko hula babu.

Ya dawo da naɗin sabuwar waya kala uku a kafaɗa, yana jan tsanin maƙwabta a ƙasa, ƙiii, tun daga zaure. Ya shigar da shi banɗaki ya kafa. Na ce, "Baba, likita fa ya hana." Ko kallona bai yi ba. Na kira maigidana, ya ce a ba shi Baba, Baba ya ƙi karɓa. Yana cire silifas zai taka, sai ga Inna ta dogaro bango ta shigo, ta raɓa ta gefensa, ta zauna daram a kan matakalar ƙasa ta tsanin.

Ta ce, "Malam, in hawa za ka yi, ta kaina za ka bi. Na faɗi a ɗakin nan, ba zan zauna in ga ka faɗi a cikinsa ba. Garin neman gira za ka rasa mana ido."

Ya yi faɗa, ba ta ji ba, ko kuma ta ga dama ta ƙi ji. Ya fita tsakar gida ya zagaya, ya dawo, tana nan. Ya sake fita. Ni na koma kan keke don in ba su wuri, na ɗauki zare ina zura wa allura. Sai na ji silifas sun tsaya a bayana.

Ya ce, "Tela."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Miƙo hannunki in gani." Na miƙa. Ya daɗe yana kallonsa. "Kina tsoron wuta?"

"Ina tsoro ƙwarai."

"Madalla. Wanda ba ya tsoronta ba na aiki da shi. Tashi."

Wurin mita ya fara kai ni. Ya ɗauko testa, 'yar sukudireba mai fitila a ciki, ya sa na taɓa ta a soket na ga ta yi haske, don mu tabbatar ita kanta tana aiki. Sannan ya sauke babban makunnin gidan, ya zare fis ya jefa a aljihun rigarsa ya danne da tafin hannu. Na ce ai an riga an kashe. Ya ce a masaka yana da aboki, tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Abokin ya kashe wuta ya shiga bayan inji yana aiki, wani ya zo wucewa ya ga makunni a ƙasa, ya ce wa ya bar wannan haka, ya ɗaga. Bai ƙarasa labarin ba, ya yi gaba, ni ma ban tambaya ba.

Na je ɗaki na zura tsohon wandon maigidana a ƙarƙashin zane, na ɗaure ɗankwali tamau. Muka raba aiki: ni a sama, Inna ta riƙe tsani, Baba a waje wurin ramin makunni, don ba zai yiwu ina bisa tsani surukina na ƙasa yana ɗaga kai ba. Ta bayan ƙofa yake ba da umarni.

"Kin buɗe murfin? Me kika gani?"

"Wayoyi, Baba. Da yanar gizo."

"Bar gizo. Taɓa kowace da testa. Kowace fa!"

"Ba haske."

"Sake."

Na sake. Ya sa na faɗa masa kalar kowace da inda ta shiga, ya ce kada in yarda da kala kawai, don bai san wanda ya ja wayar gidan nan ba, in bi kowace da yatsa in ga inda ta fito. A haka muka gano nutural ɗin, muka gano biyun da suka gangara ta cikin bututu zuwa makunni. Kafaɗuna suka fara zafi, ƙura na zubo mini a ido. Kowane ɗan lokaci sai in ji ƙofa ta motsa, yana son shigowa ya gani da idonsa, Inna ta tokare ta da ƙafa ta ce, "Koma, ba a gama ba."

Dabararsa ita ce a kwance ɗaya daga tsofaffin wayoyin, a ɗaura mata sababbi a sama, shi ya ja ta daga ƙasa ta jawo su ta cikin bututun. Na ɗaura yadda ya ce. Ya fara ja, suna tafiya, suna tafiya, sai suka cije a lanƙwasar da bututun ya juya daga silin zuwa bango.

Na ce, "Baba, ku dakata, ta maƙale."

Ina! Kafin in rufe baki ya fizga. Na ji sakayau. Tsohuwar wayar ta fita gaba ɗaya a hannunsa, sababbin suna nan a sama suna lilo.

Sai silifas, fat, fat, fat, ya yi tsakar gida. Ina jin sa yana faɗa da kansa: "Tsohon banza. Gaggawar me kake yi? Wa ke korarka?" Inna ta ɗago ta tambaye ni me ya faru, na kwatanta mata da hannu. Ta ce, "Halinsa ne. Haka ya tsinke igiyar rijiyarmu ranar da muka tare."

Saura waya ɗaya a bututun. In ita ma ta kuɓuce, sai an fasa bango. Ya dawo ya tsaya bayan ƙofa, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce in fere bakin kowace, in lanƙwasa su kamar ƙugiya in murɗe da filaya, kada in tara su wuri ɗaya su yi ƙulli, in jera su ɗaya bayan ɗaya. Na yi. Na ce ya ba ni izini in ƙara nawa. Na aika aka ɗauko mini zaren da nake ɗinka jaka da shi, na naɗe mahaɗar tam, kamar yadda nake naɗe gindin maɓallin kwat, na bi da salatef, na goga mata sabulun wanka har ta yi santsi.

Na ce, "Baba, in na ce ku ja, ku ja. In na ce ku tsaya, don Allah ku tsaya."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce, "To."

Ina turawa daga sama, yana ja daga ƙasa, kaɗan-kaɗan. Da aka zo lanƙwasar ta sake cijewa. Na ce ya tsaya, ya tsaya. Na ja baya kaɗan, na murza, na tura. Na ji ta wuce. Can sai na ji ya ce, "Ga su! Ga su nan, duka ukun!" da wata murya irin ta yaro.

Na ɗaure na sama yadda ya faɗa, na rufe murfi, na sauko. Saura makunnin. Ramuka uku ne a bayansa. Ya tsaya a kafaɗata yana nuna mini da haɓa: mai kawo wuta nan, mai zuwa ƙwai nan, ta ukun a ramin 'yar jar fitila. Ina juya sukudireba a hankali don kada in ɓata kan sukurun. Na ji numfashinsa ya canza. Ta gefen ido na ga hannun daman ya fito daga aljihu, ya miƙo har ya kusa taɓa sukudirebar, yana karkarwa a iska. Ya tsaya a nan. Sannan ya koma inda ya fito.

Ya ce, "Ƙara ɗaurewa. Yauwa. Ja ta ki ga ko za ta fita. Kada in ga jan ƙarfe ya leƙo waje."

Muka rufe, muka je wurin mita, ya mayar da fis ya ɗaga babban makunni. Ba abin da ya motsa. Ya sauke ya ɗaga. Na ce shi ke nan na ƙona gida. Ya fita da sauri, ya leƙa gidan maƙwabta, ya dawo ya ce ɗaukewa aka yi, duk layin babu.

Wannan jiran ya fi aikin wahala. Ya je bakin titi ya dubo, ya dawo ya danna makunni, ya koma ya tambayi mai shagon kan kwana ko ya ji labari, ya dawo. Ni ma na kasa ɗinki, na kasa zama, na wanke kwanukan da na riga na wanke. Inna ta dube mu ta ce, "Da ɗaya ne, yanzu sun zama biyu."

Ina tsaka da girkin yamma rediyon falo ya fashe da magana. Na saki ludayi. Baba ya shigo daga zaure har yana tuntuɓe. Ya kai hannu ga makunnin, sai ya fasa, ya je ya kamo Inna ya kawo ta ya ce ta danna. Ta danna. Fitilar ciki ta kama, jar ta kama. Ta kashe, duka suka mutu, ƙwan bai ƙyafta ba. Ta sake kunnawa, ta sake kashewa, ta ce, "To, yanzu ta yi hankali."

Na tsaya ina jiran abin da zai ce mini. Ya matsa baya ya karkata kai ya ce murfin ya ɗan karkace hagu, in sassauta in daidaita.

Da maigidana ya dawo daga tafiya na ba shi labari tun daga farko. Ya je ya tsaya gaban makunnin, ya kunna ya kashe. Ya ce, "Har kika gama bai karɓe sukudirebar ba?" Na ce bai karɓa ba. Ya ce shi tun yana yaro abin da ya so ke nan, a bar shi ya ɗaure sukuru ɗaya har ƙarshe. Na ce ai ga Baban nan, ga sukurori cike da faranti. Ya yi dariya, amma bai je ba.

Labari ya zaga layinmu. Wata mata da ke jinyar mahaifinta ta zo ta ce a sa musu irinsa, daga ita sai wata. Mukan je tare in ɗinki ya yi sauƙi, shi da baki, ni da hannu, muna tafe muna musu a hanya. Rawar ta kama hannun hagun ma yanzu, Inna ce ke ɓalla masa maɓallin riga. Kwanakin baya wani maƙwabci ya ce mu zo mu haɗa masa injin dumama ruwa. Baba ya amsa tun kafin mutumin ya rufe baki, ni kuwa na ce wannan ya fi ƙarfina, ruwa da wuta a wuri ɗaya ba aikin tela ba ne, a kira mai takardar aikin. Ya yi fushi da ni har ya ƙi cin abincin rana. Da mai takardar ya zo, wani matashi mai jakar kayan aiki, Baba ya bi shi gidan ya yini a bayansa, yana leƙa duk abin da ya taɓa. Da yamma ya shigo ya tsaya a bakin falo ya ce yaron ba laifi, ya iya, ya ma sa wata na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta taɓa mutum, wadda a zamaninsu babu ita. Ya ce ya tambayo inda ake sayarwa, gobe in shirya da wuri mu je mu gani.